Majo Fanna da Tarin Damina

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji, amma mai labarin nan tana nan da ranta.

Da sassafe Majo Fanna, babbar ma'aikaciyar jinya, ke buɗe ƙaramar likitar da take shugabanta, a wani ƙauye kusa da Shetimari. Ta share, ta dafa shayi, ta zauna bakin ƙofa tana sauraren masu shigowa. A kwarin Komadugu kuwa, in an baza jan tattasai a rana, har awaki tari suke. Shi ya sa ba mai kai tari likita. A lashi zuma, a ce na tattasai ne.

Haka Uwani ta ɗauki na mijinta Fannami. Rigakafin jika ma ya kawo su. Yana jira a inuwa sai tari ya turnuƙe shi.

"Baba Fannami, tun yaushe?" in ji Majo.

"Na tattasai ne, 'yata."

"Da damina? Ko fure bai yi ba. Wa ke shanya a gidanku, aljanu?"

Ya yi dariya, ya sauke hannu, sai layar damtsensa ta zame har gwiwar hannu. Uwani ta bi layar da ido. Ita ta ɗaura masa, da ƙyar igiyar ta zagaye a lokacin. Sai ta faɗi abin da ta ɓoye: ta ga jini a gefen rawaninsa.

Aka gwada kakinsa, ba tarin fuka ba ne. Uwani ta yi hamdala. Majo ta ce, "Inna, ni yanzu na fi tsorata. In ba fuka ba ce, me ke kawo jinin?" Ta tura shi Diffa hoton ƙirji, ta yi ta buga waya har ta samo masa lokotoron huhu a Yamai. Fannami ya ce wa zai duba masa shuka? Ta bi shi gona, ta zauna kan kunya da farar rigarta. "Nan zan wuni sai ka shiga mota."

Ya shiga. A Yamai aka gano kansar huhu ce, ga mutumin da bai taɓa kai taba baki ba. Lokotoro ya ce ba ta bazu ba tukuna, aiki zai cire ta.

Ke ce, Fanna, mai kunnen da ba ya raina tari. Allah ya saka miki. Ku kuma ma'aikatan likita, tarin da ya daɗe ku tura shi gaba da wuri.

An cire wa Fannami ɓangaren huhu, yana nan yana gadin shanya daga inuwa. Uwani ta rage igiyar laya. Majo Fanna ta yi ritaya bana, har yanzu in ka yi tari a kasuwa sai ta waiwayo.