Mijina Mai Sauraron Kifi

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ɗan mahauta ne na cikin garin Sokode. Ruwan da ya sani kafin aurenmu na randa ne da na buta. Ni kuwa 'yar masunta ce gaba da baya, kakannina daga Yawuri suka gangaro da komarsu, kuma na iya iyo kafin in iya ɗaura zane. Amma a ƙasar Gando duk wanda ka tambaya wa ya fi sanin kogin Oti, shi za a nuna maka. To, ku ji yadda aka yi.

Wani attajirin Sokode, wanda muke kira fatoro, wato ubangida, ya kafa sansani a bakin kogin, can nesa da kwalta: bukkoki huɗu, rumfa ɗaya, kwale-kwale biyu. Nasarun da ke aiki a ƙasar da manyan ma'aikata sukan zo su kwana uku ko huɗu suna fatsa. Ba yunwa ke kawo su ba, giwan ruwa suke so su kama a ɗauke su hoto da ita. Fatoro ya ɗauki maigida ya zama jagoransu saboda yana ɗan lauya Faransanci, ni kuma aka ba ni tukunya.

Ku zo ku ga aiki! Kowace safiya sai ya tsaya a kwale-kwale, ya tsoma filafili a ruwa, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai karɓar saƙo daga Lome. Ya ɗebo ruwa a tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar. Sannan ya nuna da baki, ya ce, "Can suke." Baƙi su yi ta kallon juna suna girgiza kai. Kuma in aka je, ana samu.

Ana samu ne don ni nake zuba dusar gero da hanjin kifi a wuri ɗaya kullum in na je wanke tukwane. Ƙananan kifi su taru, giwan ruwa ta biyo su. In ruwa ya ja ko ya ƙaru, sai in duba inda babba zai kwanta, in mai da wanke-wankena can. Wajen karin kumallo kuma in ce, "Kai, 'yan kifin nan sun dame ni yau a gindin dutse." Ya ce, "Ke dai da surutu." Ya tashi ya kara filafili a kunne, filafili ya ce masa gindin dutse. Ba ƙarya yake yi ba, wallahi har ransa ya yarda ji yake.

Shekara shida muna haka, sai ƙasa ta rikice. Lokacin nan ne da aka tashi neman jam'iyyu barkatai, yau zanga-zanga, gobe yajin aiki, jibi a ce an tare hanya. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Ana cikin haka 'yata ta fari ta haihu a Dapango, na tafi wankan jego da niyyar kwana bakwai in bar ta hannun dangin mijinta. Ashe tsautsayi ke kirana. Motoci suka tsaya cik, matasa sun sa shinge nan, soja sun sa nasu can. Na yi sati uku ina kallon hanya.

Ran nan wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mutumin Nijar da ke dakon gero, ya same ni a zango. Ya ce, "Inna, ke ce matar mai jin maganar kifi? To kifin sun daina yi masa magana."

Na ce, "Kamar yaya?"

Ya ce wasu nasaru biyu, mata da miji, malaman lakwal, wato makarantar boko, a Sokode, sun ratso da ƙyar sun je sansani. Kwana uku maigida na yawo da su, ko tarwaɗa ba su gani ba. Fatoro kuma ya aiko cewa dama sansanin ya zame masa kaya, in waɗannan suka koma hannu rabbana, ya rufe ke nan.

Na ɗaure ƙullina ban jira an gama dama kunu ba. Kamiyon nan ya kai ni Tanjuware a kan buhuna. A wani shinge yaran da na isa in haife su suka ce in faɗi ɓangaren da nake. Na ce, "Ɓangaren tukunya nake, 'ya'yana, kowa ya ci mulki sai ya ci tuwo." Suka yi dariya suka ɗage itacen. Sauran hanyar a bayan babur na yi ta, ina salati, zanena na neman gudu ya bar ni.

Na iso da hantsi, ranar ƙarshe ta baƙin. Na tarar da mutumina zaune a bakin ruwa, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Ya ce, "Uwar yara, an yi mini asiri. Kunnena ya toshe."

Na ce, "Ayya, Malam. Wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Ina zargin masuncin ƙetare."

Bawan Allah da ko sallama ba ta taɓa haɗa su ba! Na haɗiye dariyata, don in na sake ta a nan, na kashe shi da ransa. Zuba dusa kuwa ya makara, ba a tara kifi a wuni ɗaya. Na bi gaɓa da ido. Ruwa ya ja sosai a bayana, gindin dutsen da yake ta kai su ya zama wurin wasan kwaɗi. Can ƙasa da wata tsohuwar kanya na hango zalɓe uku a tsaye, ƙananan kifi kuma na tsalle a firgice. Kifi ba ya irin wannan tsallen don nishaɗi.

Na ce, "Itacen girki ya ƙare. Ka ƙetare da ni wajen kanyar can in saro."

Ya ce, "Ke, ina cikin wannan hali kina zancen itace?"

"To baƙinka su ci ɗanyar shinkafa."

Haka na shiga kwale-kwale da gatarina, karo na farko a shekara shida. Matar nasaran ta matsa ta ba ni wuri, tana ba ni labari, maigida na fassarawa, wai a ƙasarsu ana tafiya can arewa cikin sanyi a kama wani kifi mai ɗigo-ɗigo a jiki, tsawonsa kamar hannu. Na ce ya gaya mata a nan irin wannan a ƙugiya muke sa shi. Bai fassara ba.

Da muka kusa kanya na ce, "Malam, ko za ka ƙara gwada kunnen? Wani sa'in asiri ba ya ƙetare ruwa." Ya dube ni, ya tsoma filafili, ya kara. Ni kuma na kafa wa inuwar kanya ido, ban ƙifta ba. Ya bi idona. Ya daɗe yana kallon wurin, ya dawo yana kallona. Sannan a hankali ya ce, "Can suke."

Jifa na biyu sandar fatsar nasaran ta lanƙwashe. Sai da muka yi ta fama har rana ta take tsaka kafin a jawo ta, giwan ruwa ce mai tsawon yaron da ya isa kaciya. Nasara ya rungume maigida yana ihu, matar ta ɗauki hoto har fim ya ƙare. Suka ce za su gaya wa duk na Sokode. Sansani dai bai rufu ba a wannan shekarar.

Da motarsu ta tashi, ya same ni ina fere kifin. Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi ba a madafata. Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun ranar da ka fara."

"Duka?"

"Akwai wata karfasa da ka kama da kanka a shekara ta biyu. Ba zan ci haƙƙinka ba."

Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Don Allah, 'yar masunta, kada mahautan Sokode su ji."

Ba su ji ba. Na riƙe masa har ya koma ga Mahaliccinsa da sunansa cikakke. Amma tun daga ranar, in ya zauna karin kumallo, ba ya taɓa kokon sai ya ce, "Uwar yara, yau ina suka dame ki?"