Tsohuwar Rasha da ke Maƙwabtaka da Ni

Shekarun baya, lokacin ina sayar da atamfa da turare a kasuwar Tamanrasset, na yi maƙwabtaka da wata tsohuwa ƴar Rasha. Mijinta Balarabe ne, ya je karatu Rasha ya auro ta, ya rasu ya bar ta da ɗa guda. Larabci take yi da kowa, ni kuma ina ce mata Inna.

Wata rana ta faɗi a tsakar gida. Da aka sallamo ta daga asibiti, Larabci da Faransanci duk sun gudu daga bakinta, sai harshen iyayenta kaɗai. Ɗanta bai iya ba. Kullum sai ta riƙe masa hannu ta yi ta maimaita magana ɗaya tana kuka. Shi ya ɗauka gida take so, ya fara zaryar buro, wato ofishin gwamnati, yana neman takardun mai da ita Rasha.

Ni hankalina bai kwanta ba. Na kasa zama shago. Na sa manhajar koyon Rashanci a salula, ni da ko lekkol, makarantar boko, ban gama ba. Na je na gaishe ta da abin da na haddace, ta kalle ni kamar ta ga raƙumi da ɗankwali. Na tambayi lokotoro a asibiti, na tambayi masu taksi ko akwai mai jin Rashanci. Aka ce akwai wani a garin Abalessa da ya yi karatun noma a Rasha. Na je, ashe ya daɗe da tashi.

Ƙanwar mutumin ce ta ba ni lambar wata mata ƴar Rasha a Alje, babban birnin ƙasar. Ashe matan Rasha da suka auri ƴan ƙasar suna da ƙungiya, suna koya wa jikokinsu harshen.

Muka kira, muka kara wa Inna salula a kunne. Da ta ji harshenta, sai magana ta ɓalle mata kamar ruwan kwari. Da ta gama, matar ta ce wa ɗan da Larabci:

"Mahaifiyarka ta ga kana haɗa takardu. Roƙonka take yi kada ka raba ta da kabarin babanka."

Ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska.

Matar ta ƙara da cewa wai Inna ta ce a gaya wa maƙwabciya kununta ya cika sukari. Kunun da na yi wata da watanni ina kai mata ina jin kaina.

Daga nan matan suka raba kwanaki, kowace la'asar ɗaya ta kira Inna su yi hira, har Allah ya ɗauki ranta. A gefen mijinta aka sa ta.

Har yau in na tuna sai in kasa zama wuri ɗaya. Ni ma baƙuwa ce a nan, ƴaƴana kuma Larabci ya fi musu sauƙi. Shi ya sa da mun shiga gida nake ce musu Hausa za a yi. Suna ta ƙunƙuni, ni kuwa ko a jikina.