Takardun Ƙosan Hansai

Shekara ashirin da shida Hansai tana tuyar ƙosai a bakin titin Wudil, gab da gada. Ga faɗa kamar me, amma duk direban da ya ɗanɗana ƙosanta sai ya dawo. Boko kuwa ko bihim ba ta sani ba.

'Yarta Sakina ta faɗi jarrabawar gama sakandare. Malam Sabo, uban yarinyar, ya ce ta sake gwadawa sau ɗaya, in ta kuma faɗuwa to ta zauna ta karɓi kaskon uwarta. Maganar nan ta tsaya wa Hansai a rai, don ta san yadda hayaƙi ya cinye mata ido. Ga shi ko littafi ɗaya babu a gidan.

Da tsofaffin takardu take ƙunshe ƙosai, wani mai shago ke kawo mata su a buhu. Wata safiya Sakina ta ɗauki wata duk ta jiƙe da mai, ta ce, "Inna, ai wannan tambayoyin jarrabawar bara ne."

Shi ke nan fa, Hansai ta samu sabon aiki. Ba ta ƙara yaga takarda ba sai ta kai ta kusa da ido. Mai taswira ta san ta labarin ƙasa ce. Tattalin arziki "mai almakashi" take ce masa, saboda layuka biyun nan da suke gicciye, kemistiri kuma "saƙar zuma". Adabi ne ya fi ba ta wuya, don ba shi da zane. Rannan ma jadawalin ƙwallo ta tara wa yarinyar, wai lissafi, Sakina ta yi dariya har da hawaye.

Masu saye suka fara ƙorafi. "Hansai, ƙosai muka zo saye ko karatu?"

"In sauri kake, ga hanya nan."

In takardun ranar duk masu amfani ne, to sai dai ka tara hannu.

Wata biyar Sakina tana bitar takardu masu ƙamshin manja da man gyaɗa. Ranar da sakamako ya fito, ta zo bakin murhu ta karanta wa uwarta: darussa biyar da ake buƙata duka ta ci. Hansai ta sa ta maimaita. Ta yi hamdala, ta toye sauran ƙullun ta rabar sadaka.

Sakina ta durƙusa za ta iza mata wuta. Hansai ta riƙe mata hannu.

"Matsa daga nan, 'yar nan. Idonki na karatu ne."