Talabijin Huɗu a Jirgin Verlon

Verlon Stidham bai taɓa yarda kifi ya fi shi wayo ba. Idan ya dawo daga tafki hannu rabbana, to igiya ce ta ci amanarsa, ko ƙugiya, ko inji, ko iskar da ta juyo daga gabas ba tare da ta nemi shawararsa ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana sayar da taya a bakin babban titin da ya ratsa garinmu, nan arewacin Alabama, kuma darasi ɗaya sana'ar ta koya masa: duk abin da ya ƙi, sabo ake saya. Da wannan ilimin ya shiga ruwa, da shi ya yi furfura a ciki.

A shagon Lurleen, inda ake sayen ƙugiya da tsutsar roba da biskit mai zafi, akwai wani dogon katako a saman ƙofa. Kowace shekara ana ƙona sunan mutum ɗaya a jikinsa da jan ƙarfe, wato wanda ya kawo mafi nauyin irin kifin da ake kira bas a babbar gasar ƙungiyar masu kamun kifi. Mutum ɗaya, jirgi ɗaya, kifi ɗaya, kuma da ransa, don a auna shi a mayar ruwa. Sunan Odell Pruitt, yayan matar Verlon, ya fito sau shida. Akwai sunan wani mai aski da ya shiga gasar sau ɗaya tak, don kawai ya huta da surutun gida. Akwai matattu goma sha ɗaya. Verlon kuwa shekara talatin da huɗu yana sunkuyar da kai in zai shiga shagon, alhali ƙofar ba gajeriya ba ce.

Bana ce ta ƙarshe. Matarsa Nadine ta gaji da ciwon gwiwa da hawan matakala, ta ce sai kusa da 'yarsu a Lubbock, can Texas, inda gonar auduga take miƙewa har ta haɗu da sama, ruwa kuwa sai na famfo. An sayar da gida, an fara ɗaure kaya a kwali. Asabar ɗaya ta rage wa Verlon tsakaninsa da katakon nan, ta biyu a watan Yuli.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya sayo jirgin ruwa, na bakwai a rayuwarsa.

Ranar da ya jawo shi a bayan a-kori-kurarsa, ya ajiye a gaban shagon Lurleen, rana ta faɗa kan fentin nan ja mai ƙyalƙyali ta rasa hanyar fita. Injinsa ƙarfin doki ɗari biyu da hamsin, a tafkin da mutum yake ƙetarewa kafin gahawarsa ta huce. Kujeru sun fi na likitan haƙori taushi. Kafet ya fi na falon Nadine. A goshinsa akwai ƙaramin inji mai hira da tauraron ɗan'adam, wanda yake tsayar da jirgi wuri guda ko iska tana hauka. Sannan talabijin huɗu masu leƙen ƙarƙashin ruwa. Biyu suka zo da jirgin, biyu shi ya ƙara, ya jona wayoyin da hannunsa.

Odell ya fito da kofi a hannu, ya zagaya jirgin a hankali kamar mai duba gawa.

"Kyaftin, wannan ai gidan silima ne. Ina ake yankan tikiti?"

"Yi dariyarka, tsoho. Wannan gaba yake nunawa, wannan gefe, wannan ƙasa, wancan taswira. Ko atishawa kifi ya yi sai na gani."

"To in ka gan shi fa? Gaisawa za ku yi?"

Lurleen ta leƙo ta taga. "Ɗan'uwa Verlon, Nadine ta san da wannan?"

"Ta sani."

"Ta sani, ko za ta sani?"

Ya hau tirela ya fara wa'azi, don Verlon ba ya iya mallakar abu sai ya yi wa jama'a huɗuba a kansa. Abin da jirgin bas yake bukata, in ji shi, na farko gudu, don ka riga kowa isa. Na biyu ido. Na uku faɗin bene, yadda mutum zai yi jifa ba ya tangaɗi. Na huɗu wurin ajiyar sandunan kamun kifi, nasa yana cin ashirin da biyu.

"Hannu nawa gare ka?" in ji Odell.

Jirgin Odell wani bahon kwano ne da korensa ya koɗe tun 'yarsa tana goye, injin yana tari kamar mai shi. Tankin da yake ajiye kifi tsohon akwatin ƙanƙara ne, da ɗan famfo mai batirinsa daban. Ya ɗaga murfin bayan sabon jirgin, ya daɗe yana kallon wayoyi.

"Su talabijin ɗin nan da famfon tankin kifi, duk nono ɗaya suke sha?"

"Batirin babba ne. Na karanta takardarsa."

"To, madalla. Takarda ai ba ta ƙarya. Kai ma ka sayar da taya."

Ran gasa gari ya waye da nauyi. Tafkin yana kwance lumui kamar dalma, tururi yana tashi daga kansa, zalɓe ɗaya tsaye a bakin ciyawa kamar an manta da shi tun jiya. Fasto ya yi addu'a, aka cire huluna, aka mayar. Da aka kira lambar Verlon sai ya taka injin nan, kumatunsa suka koma bayan kunnuwansa, hularsa ta yi sallama da shi tun kafin ya wuce gada. Ya riga kowa isa inda ba wanda yake da niyyar zuwa.

Awa huɗu yana sunkuye kan talabijin. Ya ga kifaye sun wuce kamar 'yan ɗige-ɗigen wuta, ya jefa musu ta gaba, ya jefa ta baya, suka kalli tsutsar robarsa suka ci gaba da harkarsu. Bai ga gajimare ba ranar, bai ga zalɓe ba, bai ma ga ruwan ba. Wajen ƙarfe goma yunwa ta taɓa shi. Ya wurga ƙugiya gefen wata ciyawa ba tare da ya duba ba, ya maƙale sanda a hammata, ya shiga kwance burodin da Nadine ta ƙunsa masa.

A nan sandar ta kusa ficewa daga jikinsa.

Abin da ya biyo baya bai yi kama da gwaninta ba. Ya taka burodi, ya zauna kan wasu sandunan, ya kira sunan Ubangiji da muryar da ba ya amfani da ita a coci. Amma igiya ta riƙe. Da ta fito, mace ce, don manyan duk mata ne, bayanta kore shar kamar ganyen da ruwan sama ya wanke, bakinta zai haɗiye dunƙulen hannunsa har agogo. Shekarunta a tafkin nan sun fi na wasu aurarrakin. Ya riƙe ta hannu bibbiyu, ya sa ta a tanki, ya kunna famfo, ya rufe murfi, ya zauna a kai kamar kaza.

Abin da ya rage masa kaɗan ne, kuma kowane jahili a ƙungiyar ya san shi. Ba a buɗe sikeli sai ƙarfe uku. Sai ka nemi inuwa ƙarƙashin gada, ka bar famfo yana zuba mata sabon ruwa, ka riƙa jefa ƙanƙara kaɗan-kaɗan, ka yi gyangyaɗi. Zama kawai ake nema daga gare shi. Ya yi minti ashirin yana zaman, sai idonsa ya koma kan talabijin.

A ƙasan wani kututture, wata inuwa tana motsi. Ta fi wadda take cikin tanki tsawo.

Mutum mai hankali zai ce ya samu. Verlon cewa ya yi, idan akwai wadda ta fi tawa a tafkin nan, Odell zai same ta. Ya tashi ya fara jifa. Rana ta hau tsaka, kafet ya fara ƙona tafin ƙafa, sai jirgin ya soma ɗan kuka, tit, tit, tit, alamar batir ya yi ƙasa. Zai iya tayar da babban inji ya zagaya batir ya cika, amma inuwar za ta gudu. Zai iya kashe talabijin, amma a ganinsa wannan makanta ce. Ya dubi ɗan maɓallin famfo, ƙarami, baƙi, mara kwarjini, wanda bai taɓa ambata a huɗubarsa ba.

"Minti goma kawai," ya ce wa murfin tankin, ya kashe famfon.

Ƙarfe ɗaya da rabi inuwar ta yarda ta ci. Ya yi fama da ita har gumi ya rufe masa ido, ya jawo ta gefen jirgi, sai ga gashin baki. Ƙaton tarwaɗa ne, mai santsi, mai fuskar wanda bai san an yi gasa ba. Verlon ya tsinke igiya yana zagi. Sai a lokacin ya ji shirun da yake bayansa.

Ruwan tankin ya yi ɗumi kamar miya. Tana kwance a sama, farin cikinta yana kallonsa, koren bayan nan ya dushe.

Ya kunna famfo. Ya juye duk ƙanƙarar shayinsa a ciki. Ya riƙe ta a ruwa yana kai ta gaba yana dawo da ita, yana ce mata haba, uwata, haba, yi haƙuri. Talabijin huɗu suna bayansa suna nuna masa gaba da gefe da ƙasa da taswira.

Ƙarfe uku ya shiga layi da jakar ruwa, ya riƙe bakinta gam. Lurleen ce take kan sikeli, tabarau a ƙarshen hanci. Odell ya riga ya auna tasa, laba biyar da oza tara, ita ce a gaba, ya jingina da mota yana sakace. Da Verlon ya juye jakar a bahon dubawa, sai wurin ya yi tsit. Wani ya cire hula. Wani ya yi fito.

"Kai!" in ji Odell, ya zare tsinke daga baki. "Kyaftin, wannan ai kakar tawa ce."

Kunnen kifin ya motsa. Ya sake motsawa, daidai-daidai, kamar agogo.

"Ɗan'uwa Verlon," in ji Lurleen, "fito da hannunka daga ruwan."

"Tallabe ta nake yi. Gajiya ce."

"Na gani. Babban yatsanka ne yake yi mata numfashi. Fito da shi."

Ya zare hannu. Mutum arba'in suka sunkuya kan baho, ba mai tari. Kifin ya juya a hankali, ya ba su farin ciki.

"Suma ta yi," in ji Verlon. "Zafi ne. Ko ni nan jiri nake ji."

Lurleen ta cire tabarau. Ta san maganar Lubbock, kowa ya sani. Ta yi ƙasa da murya. "Kai ne kake zagayawa da farantin baiko a coci ran Lahadi. Ba zan ce komai ba, kai za ka faɗa. In ka ce da ranta, zan ɗora ta a sikeli, sannan ka kai ta bakin ruwa ka sake ta da hannunka, muna kallo."

Ya dubi bakin ruwan, inda mata suke zaune a kujerun naɗewa, Nadine a cikinsu tana fifita da takarda. Ya ga yadda abin zai kasance: farin cikin nan yana yawo a saman tafki, iska tana dawo da shi gaban jama'a.

"Ta tafi," ya ce. "Ni na kashe mata famfo."

"Famfo?" in ji Odell. "Saboda me?"

"Batir."

"Ka bar talabijin a kunne?"

Verlon ya gyaɗa kai. Odell ya buɗe baki, kowa yana jiran abin da zai fito, don irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Sai ya mayar da tsinkensa ya dubi takalmansa. Wannan shirun ya fi yi wa Verlon ciwo.

Da aka gama, Lurleen ta ce ya kawo a auna masa ko don ya sani. Ya ce a'a. Ya naɗe ta a tawul ya sa a bayan mota, ba wanda ya ga inda ya kai ta. Odell aka ƙona wa suna, karo na bakwai.

Ƙarshen Agusta suka tashi, jirgin yana biye a tirela, don Verlon ya ce ba a haifi wanda zai sayar wa ba. Yana can yanzu a gefen gidan 'yarsu, an lulluɓe shi da tamfol, kyanwar maƙwabta ta haihu a akwatin sanduna. Verlon yana zuwa wani shagon gahawa inda tsofaffin manoman auduga suke taruwa, mutanen da ba su san bas daga tarwaɗa ba. Nadine ta faɗa wa Odell a waya cewa a labarin da yake ba su, kifin ya isa can yana laba goma, kafin Kirsimeti ya kai goma sha biyu.

"Ki ce masa ya ci gaba," in ji Odell. "Ashe busasshiyar ƙasa ce take karɓar ta."