Abin da Jan Kare Ya Riga Mu Sani

Kwanan baya na je Ikara gidan ɗan ƙanena. Ina zaune a tsakar gida sai ƙaton karen da yake ajiye ya tsinke ɗaurinsa, ya wuce ni, ya wuce yara, ya nufi amaryar gidan ya cusa hanci a gaban zanenta. Yarinya ta ƙwalla ƙara ta saki tiren shayi, kunya kamar ta nutse a ƙasa. Yara suka bushe da dariya. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, irin faɗuwar da na zaci na baro ta tun ina yarinya a ƙauyenmu, kusa da Gubuchi.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Mu gidan manoman rake ne, kuma kakana na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho, yana da wani jan kare mai kore masa birai da gafiya a fadama. Malaman unguwa ba sa son ganinsa, don haka aka kafa masa iyaka: ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar buta, kaskonsa daban. Duk ya kiyaye. Hali ɗaya ne ya gagari kowa, shanshanar mutane a inda bai kamata ba. Baƙo in ya shigo sai ya sha wannan gaisuwar, daga nan karen ya rabu da shi.

Amma wata shekara sai ya liƙe wa matar Baffana. Ta je madafi yana biye, ta je rijiya yana biye, hancinsa a zanenta. Bayan wasu watanni, wata safiya aka tattara mu yara aka kai gidan maƙwabta, da muka dawo da la'asar muka tarar ana kuka. Ba wanda ya gaya mana abin da ya kashe ta. A bakin rijiya na tsinci wata tsohuwa tana cewa ai karen nan tun tuni ya ji warin kabari a jikinta. Na ɗauki maganar na adana ta a zuciya.

Da damina ta zagayo, sai jan kare ya koma kan Inna.

Kai mai karatu, in ba ka tashi a irin gidajenmu ba, za ka ce me ya hana ni tambayarta. Ni 'yar fari ce. Inna ko sunana ba ta faɗi, in za ta aike ni sai ta ce "ke", tana kallon wani waje. Ina za a yi hira? Sai na koma gadinta da ido. Na gan ta tana amai a bayan rumbu. Na ga ta ture tuwo don an sa daddawa a miya, ita da take cin daddawa ɗanya. Na gan ta kwance da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba. Kowanne na gani sai in ce shi ke nan, karen bai yi ƙarya ba. Abinci ya daina shiga mini. In tana barcin rana sai in tsuguna a bakin ƙofa ina duban zanenta, in ga ko yana motsi da numfashi.

Haushina duka na juye shi a kan karen. Na jefe shi da dutse, na kwaɗa masa muciya, amma sai ya yi ƙara ya kewaya ya dawo. Wata rana Baba Tsoho ya kama ni da hoge a hannu.

"Amaryata, yau kuma da abokin aikina ake faɗa? Me ya ci miki?"

Ban iya mayar da wasan ba. Na fashe da kuka na ce, "Karenka zai kashe Inna, yadda ya kashe matar Baffa."

Tsohon ya karɓe hogen daga hannuna. Sai daga baya na gane halin da na jefa shi: maganar surukarsa ce, bakinsa ba zai iya ɗaukarta ba. Ya zaunar da ni, ya ɗauko zancen ta nesa. Ya ce mu da baki muke gaisawa, kare da hanci. In duba karnuka in sun haɗu, ta ina suke fara gaisuwa? A jikin mutum kuwa nan ne da hammata warin jiki ya fi ƙarfi, kuma nan tsayin hancinsa ya kai. Ba iskanci ba ne, ba kuma mugun abu ba, tambaya yake yi. In jikin mace ya sauya, shi ke riga kowa sani.

"Wace irin sauyawa?"

"Wannan kuma je ki tambayi kakarki."

Kafin in tashi ya koya mini abin da zan kai wa Inna, tunda shi ba zai iya ba. Kada ta gudu, kada ta yi ihu ko duka, hakan ƙara masa ƙaimi yake. Ta juya masa gefe, ta miƙa bayan hannu ƙasa ya shanshana ya gamsu, ta ce masa "zauna" da murya ɗaya, in ya zauna ta jefa masa ɗan ƙanzo can gefe. Daga ranar kuma da sassafe yake tafiya da shi fadama, in sun dawo ya ɗaure shi a gindin durumin ƙofar gida.

Na sami Kaka tana kaɗi. Ta harare ni ta ce, "Sarkin tsegumi, ƙani za a yi miki. In na ji a bakinki sai na yanke shi." Daɗi ya kama ni, amma bai kai ko'ina ba, don wata tambaya ta biyo shi.

"Kaka, matar Baffa ma?"

Sai ta dangwali alli ta ci gaba da murza mazarinta. Nan na fahimci cewa a wajen haihuwa ta tafi, kuma hanyar da ta bi ita ce Inna ta hau. Asibiti yana can Zariya, mu sai ungozoma da addu'a. Tsoron da na zo a cire mini sai ya ninku.

Haka na yi ta ɗawainiya da shi har lokacin saran rake, gari duk ƙanshin mazarƙwaila. Wata safiya aka ce yara su tafi gidan maƙwabta, gidan nan dai na wancan karon. Na sulale na koma gindin durumi. Ashe Baba Tsoho ma bai je fadama ba, yana zaune da carbi, karen kwance a gefensa. Bai kore ni ba, bai kuma yi mini wasa ba. Rana ta take, inuwa ta matsa muka bi ta. Can wajen azahar Kaka ta leƙo daga zaure, hannunta a jiƙe.

"Namiji ne. Uwar ma lafiya lau."

Sai a lokacin tsohon ya ajiye carbinsa ya yi hamdala.

Wannan jaririn shi ne mahaifin mai gidan da na je Ikara. Don haka da yara suka gama dariya na tashi, na miƙa wa karen bayan hannu, na ce ya zauna, ya kuwa zauna. Na nuna wa amarya yadda za ta yi. Na lura kuma ta kau da kai da aka buɗe kwanon miya. Zamani ya sauya, yau asibiti na nan a cikin gari, amma kunyar tana nan inda na bar ta. Na jawo ɗan ƙanena gefe na ce ya samo wa karen sarƙa mai ƙwari, gobe kuma ya kai matarsa awo.

"Gwaggo, ta gaya miki wani abu ne?"

"Ba ta gaya mini ba."

Ban bar garin ba sai da na ga ya goya ta a babur sun nufi asibiti. Tun da na dawo, waya ba ta yin ƙara gabana bai faɗi ba.