Barmo da Basharsa Mai Ruri

Tun Barmo yana yaro a Tsibiri aka san ba ya iya zama wuri ɗaya. Mahaifinsa ya ba shi gonar gero, ya noma ta kaɗan ya ce shi ba zai iya jiran hatsi ya nuna ba. Ya shiga kabu-kabu, haya da babur, a Maraɗi, ya bari. Ya bi wani attajiri mai fataucin atamfa har Kwatano, ya dawo a rame, bakinsa cike da labarai. Sai da furfura ta fara fito masa ya sayi tsohuwar bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ya kama ɗauko kayan lambu daga Jiratawa zuwa kasuwar Maraɗi.

Wadda ta fi ba shi kaya yayarsa ce, Safiyatu, mai sarin tumatir. Ita ta goye shi yana jariri, kuma har yau ita kaɗai ke iya tsawata masa ya yi shiru.

Motar tana da lafiya, sai dai ba ta jure zafi. Da bazara ta kama, kafin su shigo gari tururi ya turnuƙe gabanta. Dole ya gangara gefen hanya, ya buɗe murfin inji, ya jira ta huce kafin ya zuba ruwa. Jiran nan ne ke cin ransa. Ya zaga motar, ya shuri taya, ya leƙa injin, ya sake zagawa, 'yan kabu-kabu na wucewa suna yi masa oda. Safiyatu kuwa tana zaune a gaba tana cin goronta.

"Zamna mana, Barmo. Tafiyarka ba ta sanyaya ƙarfe."

"Yaya, ni wagga tsayuwa ita za ta kashe ni."

Wata rana ya ga lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji, na wata babbar mota a wurin masu sayar da kayan kwance, ya kusa ninka nasa. Bai ko yi shawara ba ya ɗauko shi, ya kai wa Idirisa mai walda, abokinsa tun zamanin kabu-kabu. Idirisa ya gwada ta nan, ya gwada ta can, ya girgiza kai.

"Ba ya shiga."

"Yanke gaban."

"Gaban motar zan yanke?"

"Mi gaban ke yi mini? Yanke!"

Aka yanke, aka ƙera sababbin ƙafafu, lagireto ya zauna ya turo hanci waje. Da wani ne da ya tsaya nan. Amma Barmo ya riga ya kwanta ƙarƙashin motar yana ƙwanƙwasa salansa, bututun hayaƙi. Ya ce bututun ya yi ƙanƙanta, shi ya sa injin ke shaƙewa idan an yi lodi. A cire shi, a sa mai faɗi, tukunyar da ke rage ƙara ma a jefar. Idirisa ya ce sabon bututun zai bi dab da ƙasan bodi, ya bari gobe a lanƙwasa shi a nisanta. Barmo ya ce gobe akwai kaya, a ɗaure shi haka nan.

Da ya tayar da ita, sai da teloli na layin suka fito kallo. Ya kama hanyar Tsibiri tana ruri, awaki na tsallake kwata. Matarsa Azumi ta ce tana tsakar gida ta ji shi tun bai shigo gari ba, ta ɗauka jirgi ne.

Washegari aka yi lodi a Jiratawa, kwanduna har saman kan direba. Motar ta hau hanya kamar an sake haihuwarta. Barmo ya wuce bishiyar da ya saba tsayawa ƙarƙashinta, ya buga sitiyari yana dariya. Safiyatu ta toshe kunne da mayafi, tana magana ba ya ji. Ranar su suka riga kowa isa kasuwa.

Kwandunan sama lafiya lau. Da aka zo na ƙasa sai wani wari ya taso, irin na miyar da ta kwana. Bututun ya gasa ƙarfen bodi, tumatirin ya dahu a cikin kwandunansa, ruwa na ɗiga. Safiyatu ta sa hannu ta ɗago guda, ya narke tsakanin yatsunta. Ba ta yi faɗa ba. Ta goge hannu, ta dube shi, ta juya ta kira wani direban don lodin gobe.

Rashin faɗan nan ya fi damunsa. Ya je gidanta ya tsaya a zaure, aka ce tana barci. Ya dawo gida ya kasa cin tuwo, ya fita, ya shigo, har Azumi ta ce ya tafi garaji ya bar ta ta huta.

Ya koma wurin Idirisa. Wannan karon ya bari aka lanƙwasa bututun ya fito ta gefe, aka mayar da tukunya, aka shimfiɗa katako a bodi. Ya yi ƙoƙarin zama a benci, amma ƙafarsa ba ta daina kaɗawa ba har aka gama.

Safiyatu ba ta yarda da bakinsa ba. Sai da ta sa ya kai ta Jiratawa ba kaya ya dawo da ita, ta hau baya ta dafa katakon da tafin hannu, ta ji sanyi, sannan ta ce gobe ya zo da wuri.

Motar ta gyaru sarai, ba zafi, ba shaƙewa, har direbobi suka riƙa zuwa leƙen gabanta. Kafin damina ta sauka Barmo ya fara cewa tuƙinta ya zama kamar zaman gida. Yanzu idan ya sauke kayan yayarsa, bayan gari yake nufa, inda wata tarakta ta daɗe a yashe, kaji na ƙwai a kujerarta. Ya riga ya kwance injinta ya baza a kan buhu, kuma Idirisa ya fara ɓuya in ya hango shi.