Ruwan da Ba a Son Ya Kwanta

Cikin shekarun da na yi ina shara da wankin kwalabe a ɗakin gwaji a Aliero, akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba. Da bazara ne, bayan an cire albasa.

Lokacin Malama Rabi, ɗaliba mai neman digiri na biyu, tana gwaji da wani faifan gilashi da aka girke bisa rufi. Ruwa ke bi ta bututun da ke cikinsa, rana ta dafa shi. Sai dai ita ba ruwa zalla take zubawa ba, wani baƙin gari take haɗa masa, wanda ƙwayarsa ta fi ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ina yawan tambayarta, ita kuma ba ta ƙosawa. Ta ce garin ne ke sa ruwan ya fi kwasar zafi, amma sai in yana yawo a ciki. Da ya kwanta, aiki ya ɓaci.

Abin ya ɗaure mini kai. Mu a Jega, ruwan da ya kwanta shi ne ruwan kirki.

Ranar Alhamis malamanta za su duba gwajin, garin da ya rage mata kuwa duk yana cikin babbar kwalba ɗaya. Ranar Litinin Inna Kulu, sabuwar abokiyar aikina 'yar Maiyama, ta riga ni shiga. Ta ga ruwa baƙi ƙirin a kwalbar, sai ta kwance bakin zaninta ta jefa masa alam, wanda muke kwantar da dauɗar ruwa da shi.

Na tarar da ita tana murmushi. "Hajara, dubi ruwan yarinyar ga, ya yi garau!"

Malama ta shigo, ta yi tsaye cak. "Inna, mi kinka sa ciki?"

"Alam, ɗiyata. In bar ki da ruwan kwata?"

Malama ta zauna ta dafe kai. Can ta ɗaga kwalbar ta leƙa gindinta, ta ce, "Garin na nan. Sai dai mu wanke shi."

Ta nuna mana yadda za mu yi: a tsiyaye ruwan sama, a zuba tataccen ruwa, a jira, a sake, tamkar gasarar koko. Inna Kulu ko abincin rana ta ƙi ci. Ranar Laraba Malama ta sa shi a na'urar da ke girgiza shi, ya koma baƙi, bai sake kwantawa ba.

Da malamai suka gama dubawa suka amince da aikin, ta kira mu bisa rufin. Ta ce mu taɓa wani bututu da ta zuba wa ruwa zalla don kwatantawa, sannan na baƙin. Inna Kulu ta taɓa na biyun ta fizge hannu.

"Wash! Ashe dauɗar ga aiki takai."

Tun daga ranar, duk sabuwar da aka kawo, wurin kwalabe nake fara kai ta kafin in ba ta tsintsiya. Nakan ce mata a ɗakin nan ba a gyara abu sai an tambayi mai shi.